Wai Sai Indiya Ta Buga Sannan Mu Yarda Da Balaraba?

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, ƙorafi ne, kuma da manazartanmu nake, waɗanda suka shafe shekaru suna yi wa littattafan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kallon hadarin kaji.

Ga wanda bai san ta ba, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed ce. Amma wannan suna bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana 'yar shekara 13 ba. Auren bai je ko'ina ba ya mutu, daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci, ta yi karatun da aka katse mata. Wannan matar ce ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990.

To me aka saka mata da shi? A 1994 Malam Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa rubuce-rubucen wannan zamani suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica, wato abin yayi da zai wuce. Malam Abdalla Uba Adamu ya tsaya ya kare marubutan, aka yi ta gwabzawa a jaridu. A 2007 kuma hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tara littattafan Hausa ta cinna musu wuta, wai suna ɓata tarbiyya. An yi wa kowa kuɗin goro, mai kyau da marar kyau.

Ni tambayata ita ce, masu cewa soyayya ce kawai, sun buɗe Wa Zai Auri Jahila? kuwa? Labarin Abu ne, yarinyar ƙauye da mahaifinta ya cire daga makaranta, saurayinta ya guje ta don ta zama jahila, aka ɗaura mata aure da tsoho Sarkin Noma, ta gudu birni, ta yi ilimi har ta zama ma'aikaciyar jinya. Mu da muke nan ƙasar Dambatta da Makoɗa da Bichi, inda gona ke manne da gona, gero da dawa da gyaɗa ba sa barin ko taku ɗaya na fili, mun san Abu. Tana kusan kowace unguwa. Ita ce ke ɗaukar tallan ƙosai da safe, ita ce ake cewa karatunta ya isa haka da zarar an ɗaure amfanin gona. Wanda ya ce littafin ne ya koya wa 'ya'yanmu gudun auren dole, sai ya gaya mana wa ya koya wa iyayenmu mata yin yaji tun kafin a haifi Balaraba.

Haka Alhaki Kuykuyo Ne. Rabi mai 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ya kore ta saboda amarya Delu, ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta. Ina batsa a nan? Haƙƙin ciyarwa ne da adalci tsakanin mata, abin da malamai ke faɗa kullum a kan mumbari. Da namiji ya faɗa sai a ce wa'azi, da mace ta rubuta sai aka ce fitina.

Ban ce littattafan ba su da aibu ba. Akwai kurakuran rubutu da na ɗab'i, domin marubutan nan da kuɗin aljihunsu suka riƙa bugawa, ba edita, ba kamfani. Kuma ana iya cewa gobarar da ta cinye shagon Alhaji Abdu ta zo wa marubuciyar da sauƙi wajen hukunta shi. Madalla, wannan shi ne nazari, a kama littafi a nuna inda ya gaza. Amma a yanke wa littafi hukunci don a kasuwa ake sayar da shi, wannan ba nazari ba ne. Littattafan addinin da muke karantawa, ba a kasuwar Kurmi muke sayensu ba?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo bayan 2012, lokacin da kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi wa Alhaki Kuykuyo Ne. Nan da nan 'yan bokon da ba su taɓa riƙe na Hausar ba suka fara yabo. Littafin da matan aure suka yi shekara 22 suna karɓar aro ta kan katanga, sai da ya sa rigar Turanci ya zama adabi!

Kirana ga malaman Hausa na sakandarorinmu, musamman na 'yan mata, shi ne su sa ɗalibai su karanta Wa Zai Auri Jahila? a aji, a yi muhawara a kansa. Iyaye maza kuma su daure su karanta kafin su ƙwace. Wanda ke da ja, fili a buɗe yake, amma don Allah ya karanta littafin tukuna.