Manhajar imel ta ofis ba wurin zaurukan Usenet ba ce

Tun kafin a san Facebook da WhatsApp akwai Usenet, tsarin zaurukan tattaunawa da ɗalibai biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka ƙirƙiro a 1979. Mutum kan rubuta saƙo a zauren da ya dace da maganarsa, manyan kwamfutoci su yi ta miƙa wa juna har ya zaga duniya. Masu sha'awar tsarin sun daɗe suna ƙorafin cewa Outlook, manhajar imel da Microsoft ke sayar wa kamfanoni, ba ta iya buɗe zaurukan da kanta, sai dai a da takan tura mutum zuwa Outlook Express.

Microsoft ya yi daidai da ya raba su. Akwatin imel na ofis shi ne ma'ajiyar takardun kwangila, lissafin albashi da wasiƙun abokan ciniki. Yawancin zaurukan Usenet kuwa ba su da mai tace saƙo, kowa na iya jefa abin da ya ga dama. A watan Afrilun 1994 ne wasu lauyoyi biyu a Amurka suka watsa tallar neman takardar zama a ƙasar cikin dubban zauruka lokaci guda, kuma daga nan saƙonnin banza suka zama ruwan dare. Duk kamfanin da ya haɗa wannan kasuwa da akwatin sirrinsa ya ƙara wa ƴan damfara da ƙwayoyin cutar kwamfuta hanyar shigowa.

Masu ɗaya ra'ayin na da hujjarsu. Injiniyoyi da masu rubuta manhaja sun sha samun amsar matsalolinsu a zaurukan, kuma tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan na cin lokaci. Sai dai Thunderbird na Mozilla kyauta ne, kuma har yau yana karanta Usenet. Ma'aikacin da aikinsa ya buƙata sai a saka masa, ba tare da an ɗora wa akanta da sakatare nauyin abin da ba za su taɓa buɗewa ba.

Zamani ma ya raba gardamar. Microsoft ya rufe nasa zaurukan a 2010, Google kuma ya daina karɓar sabbin saƙonnin Usenet ranar 22 ga Fabrairun 2024. Shugaban ofishin da zai sayi manhajar imel gara ya fara tambayar yadda take kare wasiƙun ma'aikatansa.