Daga Bakin Allo: Abin da ido ba ya gani



Ran kasuwa na haɗu da wani dattijo, mahaifin tsohon ɗalibina, yana ta ƙorafi. Ya ce: "Malam, yaron nan ya gama jami'a, maimakon ya kama aiki sai ya koma Abomey-Calavi, wai yana nazarin ƙwayoyin da ido ba ya gani. Kuma na ji har tsayar da shi ake yi gaban jama'a ana tuhumarsa kamar ɓarawo."

Na yi dariya na ce, Baba, wannan tuhumar ita ce karatun. Taron ƙara wa juna sani ake kiransa. Ɗalibi mai neman digiri na biyu ko na uku yakan tsaya gaban malamansa da 'yan'uwansa, ya nuna abin da ya gani a madubin likita. Sai tambayoyi su biyo. Jinin mutum nawa ka duba? Sau nawa ka maimaita? Ka tabbata ba datti ne ya shiga kwalbar ba? Kamar mahaddaci ne mai kawo hadda, alarammomi na kama masa gyara.

Kada a ɗauka wannan aikin bai shafe mu ba. Tun 1880 wani likitan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jinin majiyyaci a Aljeriya, kuma har yau cutar tana ɗauke mana yara. A 2007 aka buga wani bincike da ya gwada sauron fadamun shinkafarmu na Malanbil da na unguwar Ladji a Kwatano. Gidan sauro mai magani ya kashe kashi 98 cikin ɗari na namu, amma na Ladji kashi 30 kacal, don sun saba da maganin. Bayan 'yan shekaru namu ma suka fara jurewa. Da ba masu bin diddigi, da muna nan muna dogara da makamin da ya dakushe.

To jama'a, sauron namu ne, jinin namu ne, amma Hausawa nawa ne ke zaune a waɗannan ɗakuna? Mu bar yaranmu, maza da mata, su yi nisa da karatu. Ku kuma ɗalibai, in kun zo hutu ku tara mu a lakwal, ku gaya mana da Hausa abin da kuka gano. Mu ma muna da tambayoyi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.