Mudu Biyu A Sararin Samaniya

Duk ranar da mahukuntan duniya suka taru suka sa hannu a takarda da sunan haɗin kai, to raunana su shirya, don a kansu za a sauke kayan. Harkar sufurin jiragen sama ta isa misali ga mai hankali. A 1944, lokacin da kusan duk Afirka ke ƙarƙashin takalmin 'yan mulkin mallaka, aka taru a Shikago ta Amurka aka tsara dokokin sama, daga nan aka haifi hukumar ICAO mai mazauni a Montiriyal ta Kanada. Wai duk ƙasashe daidai suke, wai ran fasinja abin tsarewa ne ko daga ina ya fito. To, a zo a auna.

Ranar 3 ga Yulin 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes ya harbo jirgin fasinjan Iran da ya tashi daga Bandar Abbas za shi Dubai. Mutum 290, cikinsu yara 66, ba wanda ya tsira. ICAO ta zauna ta ce ta yi matuƙar takaici, shi ke nan. Ba ƙasar da ta hana jiragen Amurka sauka ko na yini guda, kwamandan jirgin ma lambar yabo aka rataya masa a 1990. Alhali da Tarayyar Sobiyat ta harbo jirgin Koriya ta Kudu a 1983, bakin wannan hukuma bai yi nauyin furta Allah wadai ba.

A Disambar 1988 ɗin bom ya tarwatsa jirgin Pan Am a kan garin Lokabi na Sikotilan, mutum 270 suka mutu. Jini jini ne, ba mai imanin da zai yi murna da wannan. Amurka da Ingila suka tuhumi 'yan Libiya biyu. Libiya ta garzaya Kotun Duniya, ta kafa hujja da yarjejeniyar Montiriyal ta 1971 wadda ta ba ƙasa damar yi wa wanda ake tuhuma shari'a a gida. Kafin alƙalai su ce uffan, Kwamitin Sulhu ya fito da ƙuduri na 748 a Maris 1992: ba jirgin da zai shiga Libiya, ba wanda zai fita. Mutum biyu ake nema, aka kulle al'umma guda shekara bakwai. Marar lafiya sai ya sha doguwar tafiyar mota zuwa Jarba ta Tunisiya, ko ya bi teku zuwa Malta. Maniyyaci kuwa ba zai tashi zuwa Ɗakin Allah ba sai wani kwamiti a Niyok ya ba da izini. Subhanallah! Abin kunyar, gwamnatocin ƙasashen Musulmi ne suka zama 'yan gadin wannan ƙofa.

Gaddafi ba waliyyi ba ne, kurkukunsa shaida ne, sun ci masu kira zuwa ga addini da dama. Amma da ya take takunkumin a Mayun 1997 ya sauka Yamai da Kano, sama ba ta faɗo ba. A Yunin 1998 shugabannin Afirka suka taru a Wagadugu, suka yi abin da ba su saba ba: suka ce in ba a sasanta ba za su daina bin takunkumin. Wata biyu kacal, Amurka da Ingila suka yarda a yi shari'ar a Holan, abin da suka yi shekaru suna ƙi. A Afrilun 1999 aka dakatar da takunkumin. Ashe makullin yana aljihun 'yan amshin shata tun farko, tsoro ne ya hana su laluba.

Sai batun diyya. A 2003 Libiya ta amince da dala biliyan 2.7, wato dala miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci. Amurka kuwa sai 1996 ta biya dala miliyan 61.8 ga iyalan Iraniyawa, dubu 300 ga mai sana'a, dubu 150 ga marar sana'a, kuma har yau ba ta amsa laifi ba.