DAGA BAKIN SHAGO: Daren da Kwamfutata Ta Yi Barci a Bakin Aiki

 Wannan makon ba maganar farashin kaya ko canjin sidi zan yi ba. Maganar kwamfuta ce, kuma na san wasu za su ce yau me ya kai Alhaji hurumin yara? Asara ce ta kai ni, don haka ku saurara.

Saura kwana goma ƙaramar Sallah kaya suka iso mini: shadda, leshi da wasu abayoyi. Ina da wata babbar mai saye a Tamale, Hajiya ce da muka fi shekara takwas muna ciniki. Ba ta zuwa Accra, bidiyo take kallo ta zaɓa, sai in ɗaure kaya in sa a mota. A wannan karon ta ce ba ta son irin bidiyon da ake turawa ta waya wanda yake dusashe launi, tana so ta ga zaren yadi ɗaya bayan ɗaya. Yarona na shago ya ɗauki bidiyo masu kyau, suka taru suka yi nauyi, wajen gigabayit shida. Na ce to, bari in sayi datar dare, tunda ta fi araha, in ɗora su a ma'ajiyar intanet in tura mata adireshin da safe.

Ƙarfe 12 na dare na danna, na ga abu ya fara tafiya, na je na kwanta. Da asuba kafin in fita masallaci na leƙa, allo baƙi ƙirin. Na taɓa, ta farka, ashe aikin bai ko kai rabin rabi ba. Dare na biyu ma haka. A rana ta uku Hajiya ta kira, cikin mutunci ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, masu ɗinki sun matsa mini, na saya a Kumasi." Cinikin da nake sa ran zai biya mini kuɗin hayar shago ke nan ya wuce.

Da yake laftof ɗin ta hannu ce, irin wadda 'yan nan ke kira hom-yus, na saye ta a Circle, sai na ɗora mata laifi. Na kai wa wani mai gyara, ya ce batiri ne, na biya aka canja. Na dawo gida, dare ya yi, ta sake mutuwa. Uwargida ta ce, "Alhaji, ka tambayi 'yarka mana, ba abin da take karanta ke nan a makaranta ba?" Gaskiya girman kai ne ya hana ni tun farko. Na kira ta. Ba ta yi minti biyar a kai ba ta ce, "Baba, ba mutuwa take yi ba, barci take. Kuma haka aka saita ta."

Abin da ta koya mini shi ne nake so in raba da ku, domin na ga mutum biyu a layinmu da irin wannan matsala.

Kwamfuta mai Windows tana da agogo a cikinta da ke ƙirga tsawon lokacin da ba a taɓa madannai ko linzami ba. Idan lokacin ya cika, minti 15 ne ko 30 ko nawa aka sa, sai ta kwanta don tattalin wuta. Idan ta kwanta, aikin da ake yi yana tsayawa, intanet ma yakan yanke. Wasu manhajoji suna da ladabin gaya mata, "Ina aiki, kar ki kwanta," wasu kuwa ba sa faɗa. Wadda na yi amfani da ita ba ta faɗa. Ita kwamfuta ba ta san Hajiya na jira a Tamale ba, ta ga dai babu mai taɓa ta.

Ana iya shiga wurin saituna, ɓangaren wuta da barci, a ce kar ta taɓa kwanciya. Amma 'yata ta ce, "Baba, na san ka. Za ka kashe barcin ka manta, ta riƙa kwana a kunne kullum tana cin kuɗin mita." Gaskiyarta. Sai ta rubuta mini abin da su ke kira sikirif, ni kuma nake kira takardar umarni. Ba wani sihiri ba ne. Kamar ka rubuta wa yaron shago ne: buɗe ƙofa, jira awa biyar, rufe ƙofa. Kwamfuta ta karanta layi na farko ta aikata, ta wuce na biyu, har ƙarshe.

Ga yadda take. A buɗe Notepad, wanda yake cikin kowace Windows, a rubuta layuka biyar ɗin nan daidai yadda suke:

powercfg /change standby-timeout-ac 0
powercfg /change hibernate-timeout-ac 0
timeout /t 18000 /nobreak
powercfg /change standby-timeout-ac 30
powercfg /change hibernate-timeout-ac 180

Sai a adana da suna mai ƙarewa da .bat, ni tawa dare.bat na sa mata. Wajen adanawa a zaɓi nau'in All files, in ba haka ba za ta iya zama takardar rubutu kawai, ba za ta yi aiki ba. Idan dare ya yi, ka fara ɗora kayanka, ka danna takardar sau biyu. Wata baƙar taga za ta buɗe tana ƙirga daƙiƙoƙi. Shi ke nan, ka je ka kwanta.

Ban yarda na danna ba sai da ta fassara mini kowane layi. Na farko yana cewa kar ki yi ƙaramin barci. Sifirin nan ma'anarsa "har abada". Na biyu yana cewa kar ki yi dogon barci, wanda kwamfuta ke kwashe abin da take yi ta ajiye sannan ta mutu gaba ɗaya. Na uku shi ne jira: daƙiƙa 18000, wato awa biyar, domin kowace awa daƙiƙa 3600 ce. Mai son awa uku sai ya sa 10800. Layi na huɗu da na biyar suna mayar da barcin, minti 30 da minti 180. Waɗannan lambobi nawa ne, kai ka duba naka kafin ka fara, ka sa abin da ya dace da kai.

Ku lura da haruffan nan biyu, ac. Suna nufin lokacin da caja ke jone da wuta. Akwai takwararsu, dc, na lokacin da take kan batiri. 'Yata ta ce kar in taɓa wannan, kuma ta ba ni dalili: idan an ɗauke wuta cikin dare, gara ta kwanta ta riƙe abin da ke hannunta da ta yi ta aiki har batiri ya ƙare. Wato dole caja ta kasance a jone. Abu na biyu, kar a rufe murfin laftof, domin yawancinsu da an rufe suke kwanciya, ko da takarda ko babu. Na uku, kar a rufe baƙar tagar nan kafin ta gama ƙirga. In ka rufe, layukan ƙarshe ba za su yi aiki ba, kwamfutarka za ta zauna ba barci har sai ka gyara da hannu. Wannan ya taɓa faruwa da ni, ƙaramin jikana ya ga baƙin abu ya danna ya kashe.

Wanda yake so ta mutu gaba ɗaya bayan an gama, sai ya ƙara layi na shida: shutdown /s /t 60. Zai ba ta minti ɗaya sannan ta kashe kanta. In kuma ka ga ta fara wannan ƙirgar alhali ba ka gama ba, umarnin shutdown /a yana soke ta. Wanda kuma rubutun nan ya yi masa wuya, kamfanin Microsoft yana da tarin kayan aiki kyauta mai suna PowerToys, a ciki akwai Awake, wanda ke hana barci na tsawon lokacin da ka zaɓa. Masu Mac su ma suna da nasu a ciki, sunansa caffeinate.

To amma a nan ne nake so ku buɗe kunne. Mutuwar kwamfuta ba iri ɗaya ba ce, kuma takardar nan ciwo ɗaya kawai take magani. Akwai sauran uku.

Na farko, sabuntawa. Windows takan sauke gyare-gyare, sannan ta kashe kanta ta sake tashi don su zauna, kuma ta fi yin haka lokacin da take ganin ba kowa, wato cikin dare. Maganin wannan yana cikin saitunan Windows Update, inda ake gaya mata awannin aikinka, har zuwa awa 18 a rana, don ta kauce musu. Ni na sa nawa su haɗa da tsakar dare zuwa asuba. Ana kuma iya dakatar da sabuntawar na ɗan lokaci, har mako biyar. Amma kar wani ya ruɗe ka ka toshe ta kwata-kwata. Gyare-gyaren nan su ne ke toshe ƙofofin ɓarayi, kuma mu da muke ajiye lissafin bashi da bayanan kuɗi a ciki mun fi kowa buƙata. Masu tsofaffin injuna ma su sani, tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, don haka in za ka sayi ta hannu ka tambaya ko tana ɗaukar Windows 11.

Na biyu, zafi. Idan kwamfuta ta yi zafi fiye da ƙima, takan kashe kanta don kar ta ƙone. Wannan kariya ce, ba cuta ba. Ɗakunanmu na Nima kun san su, ƙanana ne, rufin kwano, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Kar ka bar laftof tana aiki a kan katifa ko a kan tulin yadi, iska ba ta shiga. Ɗora ta a kan tebur ko tire, ɗaga bayanta kaɗan, a riƙa share ƙurar fanka. Na'urar da za ta kwana tana aiki kusa da yadi, kuma mutane na barci, ba abin wasa ba ce; mun ga abin da gobara ke yi wa kasuwanni. A duba caja da soket, in suna zafi ko wari kar a bar su.

Na uku, wuta. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan shekarun 2012 zuwa 2016 ya san dumsor, kalmar Twi mai nufin kashe da kunna. Har yanzu ma layit-of bai bar mu gaba ɗaya ba. Babu rubutun da zai riƙe kwamfutar tebur idan wuta ta tafi, sai dai UPS, ƙaramin akwatin batiri da ke ba ka 'yan mintoci ka adana aiki ka kashe cikin natsuwa. Laftof tana da batirinta, amma in na'urar intanet ɗinka da wutar bango take aiki, ita za ta mutu ta bar ka.

Sai maganar amana. Akwai wasu takardun umarni da ke yawo a waya, waɗanda ke motsa linzami da kansu ko danna madanni kowane minti don kwamfuta ta ɗauka akwai mutum. Abu biyu nake ji game da su. Ɗaya, takardar da ke iya hana kwamfuta barci, irinta ce ke iya share fayilolinka ko buɗe wa ɓarawo hanya, don ita kwamfuta ba ta tambayar niyya. Duk wadda aka turo maka, kar ka danna. Buɗe ta da Notepad ka ga abin da ke ciki, in ba ka gane ba nemi wanda ka yarda da shi ya karanta maka layi-layi. Biyu, yaranmu da ke aiki da kamfanoni daga gida su kiyaye. Kwamfutar ofis ba taka ba ce, kuma kulle kanta da take yi don tsaro ne. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da goma bisa zargin nuna kamar suna danna madannai alhali ba aiki suke ba. Hana inji barci don ya gama aiki daban, sa inji ya yi maka shaidar zur daban. Haka kuma mai shagon da ya hana kwamfutarsa kulle kanta da rana, ya fita salla ya bar ta a buɗe, ya bar littafin bashinsa ne a bakin titi.

Dalilin da ya sa nake son takardar 'yata ke nan: tana da farko tana da ƙarshe. Kamar maigadin da ka ɗauka na dare ɗaya ne, gari ya waye ya miƙa maka makulli.

Kafin babbar Sallah na sake gwadawa. Na danna ƙarfe 12, da aka kira asuba na duba, komai ya hau. Hajiyar Tamale ta dawo, ko da yake ba ta sayi kamar na da ba, don yanzu tana da wani a Kumasi. Wannan shi ne kuɗin makarantar da na biya, ban da na batirin da lafiyarsa ƙalau. Da na tambayi yarinyar nan tun daren farko, da ban biya ko ɗaya ba. Mu iyaye muna kashe kuɗi yara su yi karatu, sannan mu ji nauyin tambayarsu. Yanzu duk Lahadi bayan la'asar nakan zauna ta nuna mini abu ɗaya, ni kuma in nuna mata yadda ake gane shadda ta gaske da hannu.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.