Irƙus-sus, Ɓeraye da Ciwon Damuwa

A shekarar 2021 kaɗai, 'yan bindiga sun sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara, sun kwashi ɗalibai a kwalejin aikin gona ta Bakura, sannan suka afka wa makarantar Kaya a Maradun. Wanda ya ga irin wannan tashin hankali, ba abin mamaki ba ne idan barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, duniya ta yi masa ƙunci. Likitoci na kiran wannan ciwon damuwa, kuma ciwo ne na gaske.

Saboda haka ya kamata mai karatu ya yi hattara da labarin da ke cewa saiwar irƙus-sus, wadda ake samu a shagunan magungunan Musulunci, tana warkar da shi. Tushen maganar bincike ne da Dhingra da Sharma suka yi a Indiya, suka buga a 2006. Sun ɗura wa ɓeraye ruwan saiwar kwana 7, suka jefa su cikin ruwan da ba mafita, suka auna lokacin da kowane ɓera ya daina fafutuka. Waɗanda suka sha saiwar sun fi jurewa, kusan kamar waɗanda aka ba imipramine. Porsolt ne ya ƙirƙiro wannan gwaji a 1977 domin tace magunguna. To, amma ɓeran da ya daina iyo bai rasa ɗa ba, ba a kuma ƙone masa rumbu ba. Masana da dama ma na ganin shirun nasa dabarar adana ƙarfi ce.

Illar saiwar kuwa a jikin mutum aka tabbatar da ita. Sinadarin gilisirizin da ke ba ta zaƙi yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da fotasiyam, jini ya hau, bugun zuciya ya rikice. A 2020 likitoci a Amurka sun ba da labarin wani mai shekara 54 da ya mutu bayan yawan cin alewarta. Dattijo mai hawan jini da ya gudo Talata Mafara, shi ne na farko da za ta cutar.

A ganina, masanan harhaɗa magunguna na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su ci gaba da irin wannan bincike, har kan tsirranmu. Amma mai ciwo a yau asibitin Kware ya kamata a kai shi, kuma hukuma ta horas da ma'aikatan ƙananan asibitocin Bakura da Maradun su riƙa gane alamun cutar da wuri.