Tef da agogo sun isa a fara auna ƙarfin zuciya a Rawayya

Manomin da bara yake wuni a gona ba ya zama, bana kuma yana tsayawa yana haki kafin ya kai ƙarshen kunya, jikinsa ne ke yi masa gargaɗi. Sai dai a Rawayya da ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe, irin wannan mutum cewa yake gajiya ce ko girma ne ya kama shi. Ba ya neman asibiti sai ƙafa ta kumbura ko numfashi ya hana shi kwanciya, a lokacin kuwa ciwo ya yi nisa. Shi ya sa nake ganin ya kamata asibitocinmu na sha-ka-tafi su riƙa ƙiyasta ƙarfin zuciya da huhun duk baligin da ya shigo, kamar yadda ake auna hawan jini, tunda yanzu ana iya yin haka ba tare da an ɗora kowa kan inji ba.

Abin da likitoci ke nema shi ne yawan iskar oksijin da jiki ke iya amfani da ita a minti ɗaya idan an kai shi maƙura. A gwajin na asali ana sa wa mutum takunkumi, ya yi ta gudu kan inji har sai ya gaza, likita na tsaye yana kallon bugun zuciyarsa. Kayan na da tsada, suna son wuta tsayayya, ko a manyan asibitocin koyarwa ba kasafai ake samunsu ba. Amfanin awon kuwa ba abin musu ba ne. A 1989 binciken Steven Blair a birnin Dalas na Amurka, kan mutum sama da 13,000, ya nuna cewa waɗanda suka fi rauni a wannan awo sun fi sauran saurin mutuwa. A 2016 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta nemi a riƙa duba shi a asibiti kamar sauran alamomin lafiya, ta kuma ce inda babu gwaji a yi ƙiyasi da lissafi.

Lissafin ya samo tushe a 1990, lokacin da masana a Jami'ar Houston suka gwada ma'aikatan hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, suka gano cewa shekaru, jinsi, ƙiba da yawan motsa jiki na iya hasashen sakamakon injin. A 2011 masana a Norwe suka fitar da nasu bayan gwada mutum sama da 4,000, wanda ke amfani da kewayen ƙugu da bugun zuciya a lokacin hutu. Ke nan tef irin na tela, agogo, da tambayoyi kaɗan sun wadatar. Ma'aikacin lafiya zai zaunar da mutum ya huta, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ya ƙirga, ya zagaya tef a ƙugunsa, ya shigar da lambobin a waya. A yankin da tafiya Gusau ke cin kuɗin mota, ga fargabar hanya, sanin wanda ya kamata a tura Asibitin Tarayya ko na Yariman Bakura da wanda shawara ta ishe shi ba ƙaramin abu ba ne.

Masu suka za su ce an gina lissafin kan Turawa, kuma suna da gaskiya. A nan ne ma ya kamata a tsaya a yi nazari. Takardar tambayoyin masanan Norwe tana tambayar sau nawa mutum ke fita motsa jiki a mako. Manomin da ya wuni yana huɗa da garma zai ce ba ya yi, haka matar da ke daka da ɗiban ruwa, sai lissafi ya sa su cikin marasa ƙarfi. Siririn ƙugu a Norwe alamar lafiya ce, a wurinmu kuwa yana iya zama yunwa ko tarin fuka. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini na ɗaga bugun zuciya, aikin damina kuma ba ɗaya yake da zaman rani ba. Duk waɗannan ana iya gyara su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da takardar tambayoyi da ke haɗa aikin ƙarfi da tafiyar ƙasa. Abin da ya rage shi ne masananmu a Zariya, Kano da Sakkwato su gwada ɗaruruwan manoma da matan gida kan injin, su daidaita lissafin da jikinmu.

Wasu kuma za su ce maleriya da tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa sun ishe mu. Amma ciwon zuciya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yawan gazawar zuciya ga masu jego, hawan jini kuma na kwantar da magidanta da shanyewar ɓarin jiki. Ƙiyasin ba zai gano ciwon mai jego ba, wadda ke haki bayan haihuwa likita take buƙata nan take. Abin da zai yi shi ne ya saba wa ma'aikaci da taɓa jijiya da tambayar numfashi, ya kuma bar lamba a kati wadda za a kwatanta da ta baɗi.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ta zaɓi asibitoci kaɗan a Bunguɗu, Tsafe da Gusau, ta horar da ma'aikatansu, ta ba su tef da kati, ta kuma nemi jami'o'in Arewa su ɗauki nauyin gyara lissafin.