Yatsu masu gudu, waƙa babu numfashi

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai maganar da muke ta kauce mata a Zumuntar Matasa. Daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, yaro ya yi wata uku da taɓa kibod, sai mu ɗora shi gaban jama'a ran Lahadi. Ya danna maɓallin kiɗan ganga na cikin Yamaha, ya kama haɗin sauti uku, ya yi ta sara kamar mai faskare. In mawaƙa suka ɗaga murya, ya danna maɓallin sauya mataki, yatsunsa suna nan inda suke. Mu kuma mu tafa, mu ce ya iya.

Bai iya ba tukuna, kuma mu muka cuce shi, domin mu muka zaɓa masa abin da zai koya.

Waƙar yabo mai sauri tana ɓoye rauni. Ganga ta rufe kuskure, tafi ya rufe saura. Amma a ba shi waƙa mai tafiya a hankali daga Littafin Waƙoƙi, nan take asiri ya tonu: sauti ya yanke kafin na gaba ya iso, babban yatsa ya faɗi da nauyi, hannun hagu ya danne na dama. Abin da waƙoƙin nan suke koyarwa ke nan. An tsara yawancinsu da muryoyi huɗu, dole yatsa ɗaya ya riƙe sauti yayin da wani yake tafiya, dole makaɗi ya dakata inda jama'a suke jan numfashi. Wanda bai rera layi da bakinsa ba, ba zai iya sa kibod ya rera shi ba.

Wannan ba ra'ayin tsofaffi kawai ba ne. Bach, babban makaɗin coci na Jamus, ya rubuta wa masu koyo gajerun darussa masu muryoyi biyu da uku, a gabatarwarsu ta 1723 kuwa ya nuna babban burinsa shi ne ɗalibi ya sa kiɗa ya fita kamar rerawa. Mu da ba mu da malamin fiyano a kusa, littafin da iyayenmu mata suke ɗaurewa a gefen zane ya ishe mu makaranta.

Za a ce matasa ba sa son waƙar da ba a rawa. To, mu duba inda muke zaune. Tun kafin a sace ɗaliban makarantar sakandare ta Ƙanƙara a Disamba 2020, yankin nan yake binne mutane, yake karɓar waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Ranar jana'iza, gwauruwa tana zaune a gaba, me makaɗinmu zai buga mata? Dawuda ya kwantar wa Saul da hankali da garaya ɗaya tak.

Dattawa ma da nasu laifin. A kulle kibod cikin akwati sati guda don tsoron kuɗin man janareta, sa'an nan a yi gunaguni yaro ya ɓata sujada?

Muna roƙon kowace zumunta ta zaɓa wa mai koyo waƙoƙi biyar masu sanyi. Ya kashe ganga, ya bar maɓallin sauya mataki, ya fara da hannun dama kaɗai yana rerawa, sai layi ya tafi ba yankewa kafin ya ƙara na hagu. A ba shi makullin akwatin da rana, tun da fitar dare ta yi wuya.